Ƙabilanci a Kaduna: ta ina za ka fara, kuma yaya za ka tsira da lafiyarka

Duk wanda ka tambaya a garin nan zai ce maka shi ba ya ƙabilanci, daga Rigasa har Sabon Tasha ba za ka samu mutum ɗaya da zai ɗaga hannu ya ce eh ni ina yi ba. Amma je ka neman gidan haya ka ji tambayar farko da ejan zai maka bayan ya ji sunanka, ko ka ce wa mutanen gida ka samu aiki a Narayi, can ɓangaren Kirista, ka ga yadda fuskar Hajiya za ta canza, haka shi ma yaron unguwar Television in ya ce zai je Tudun Wada, ɓangaren Musulmi, gyaran waya sai an ce masa ya dawo kafin magariba. To tunda kowa ya rantse zuciyarsa fes take kuma abin yana nan bai je ko'ina ba, ni shawarata mu ɗan ajiye maganar zuciya gefe, mu kama abin da hannu da ƙafa za su iya yi.

Ba daga kaina na ƙirƙiro wannan ba. Akwai wani bincike da aka yi a nan cikin garin Kaduna, wasu masana biyu Alexandra Scacco da Shana Warren suka fitar da sakamakonsa a 2018. Samari suka ɗebo Musulmi da Kirista daga unguwannin talakawa inda rikici ya saba tashi, aka sa su kwas ɗin kwamfuta na sati 16, wasu aji a gauraye, wasu kuma kowa da 'yan addininsa zalla. Ba wa'azin zaman lafiya, ba lakca, kwamfuta kawai. Da aka gama aka auna sai aka ga ra'ayin da suke da shi a kan juna bai wani canza ba, amma da aka zo wasan rabon kuɗi, waɗanda suka zauna a gauraye sun fi yin adalci ga wanda ba nasu ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne ɗaya ɓangaren, waɗanda aka bari su kaɗai da nasu, su kuma sai fifita nasu ya ƙaru. Kaga kenan zaman da muke yi yanzu, kowa a gefensa na kogin Kaduna, ba tsayawa wuri ɗaya muke ba, ƙara nisa muke kullum ko da ba wanda ya zagi wani.

Fara da sanin garin da kake ciki

Duk yaron da aka haifa bayan 2000 ya taso ya tarar da Kaduna a rabe, shi a wurinsa haka Allah ya yi garin, Musulmi arewa da kogi Kirista kudu. Ba haka ba ne. Rikicin Shari'a na watan Fabrairu da Mayu na 2000, wanda aka rasa rayuka aƙalla 2,000, da na gasar sarauniyar kyau ta Miss World a Nuwamban 2002, su suka sa mutane sayar da gidajensu a wulaƙance wasu ma musanya suka yi, kowa ya gudu inda nasa suka fi yawa. Kafin nan a Kakuri da Makera lokacin da masaƙu ke aiki, ita masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) tun 1957 aka buɗe ta, Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayerabe layi ɗaya suke bi su karɓi albashi, gida ɗaya suke haya, banɗaki ɗaya. Rufe masaƙun nan ba aikin yi kaɗai ya cinye ba, ya tafi da wurin da mutane ke haɗuwa dole ko suna so ko ba sa so.

Saboda haka aikin farko mai sauƙi ne, ka samu dattijo a unguwarku wanda ya yi zamanin nan ka zauna ka tambaye shi, Baba wai da a ina kuke zaune, su waye maƙwabtanku, ina suka koma? Za ka sha mamaki, sau da yawa wanda ya fi kowa zafin baki a majalisa shi ne zai ce maka ai wani Kirista ne ya ɓoye su kwana biyu a ɗakinsa. Sai dai kar ka tsaya a ɓangare ɗaya. Labarin Kafanchan na 1987, da Zangon Kataf na 1992 wanda ya faro daga batun mayar da kasuwa wani wuri, da abin da ya biyo bayan zaɓen 2011 a Zonkwa da sauran wurare, kowane ɓangare yana da nasa lissafin gawa da nasa wanda ya fara, kuma kowa nashi kaɗai yake haddacewa. In ka ji na gidanku, nemi na ɗaya gidan ka ji, ba don ka yanke hukunci ba, ba kotu aka kai ka ba, don dai ka san me ke cikin kan mutumin da kuke zama keke ɗaya.

Mai son karatu kuma ga Arewa House nan a Rabah Road, tsohon gidan Sardauna, ga ofishin adana takardun tarihi na ƙasa, ga gidan tarihi a Ali Akilu Road. Ka shiga ka ga kayan Nok, mutum-mutumin yumɓun nan da suka haura shekara 2,000, kuma garin Nok ɗin yana cikin ƙaramar hukumar Jaba ne a jihar nan. Mutumin da kakanninsa suka zauna a ƙasar da aka yi wannan, ba ka da bakin ce masa ba shi da tarihi.

Sannan ka koyi sunayen mutane yadda su suke kiran kansu. Atyap, Bajju, Ham, Adara, Gbagyi, Agworok, ba Kataf da Kaje da Jaba da Kadara da Gwari da muka saba ba. Wani ba zai damu ba, wani kuma zai ji daɗi sosai, in ba ka sani ba ka tambaya kawai, ɗan'uwa ku yaya kuke so a kira ku? Jiha mai ƙananan hukumomi 23 da harsuna masu yawa haka, abin kunya ne a ce duk ka tattara su ka sa musu suna ɗaya wai "'yan kudu".

Yanzu sai ka juyo kanka

Nan ne wurin da ba daɗi, laifi tudu ne ka taka naka ka hango na wani. Dabarar da na ga tana aiki ita ce musanya. Duk lokacin da ka ji labari ranka ya ɓaci, canza sunan mai laifin ka sa na ƙabilarka ko addininka, ka ga ko fushin zai tsaya yadda yake. In ɗan unguwarku ya yi sata sai ka ce wane ɓarawo ne, in na wancan gefen ya yi sai ka ce ai su haka suke, to ka kama kanka kenan. Ka riƙa sa kunne a bakinka ka ji sau nawa kake cewa "su" da "ai dama".

Kalmomin nan da muke jefawa kamar ba komai, arne, kafiri a matsayin zagi, inyamuri, ka cire su daga bakinka gaba ɗaya, musamman gaban yara. Ka san yadda kake ji in ka sauka Legas wani ya ƙwala maka "aboki" da wannan muryar ta raini, to daidai wannan ne.

Kuma kar ka ɗauka abin tsakanin Musulmi da Kirista kaɗai yake. Dubi yadda ake kallon Bafulatani yanzu a tasha ko a kasuwa tunda matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari, mutum ya shigo da sandarsa sayen magani kowa ya tsuke, alhali shi ma wataƙila an kwashe masa shanu an kashe masa ɗa. Dubi Bahaushe Kirista da ake ce wa wai ba Bahaushe ba ne. Dubi auren da ake fasawa don an binciko kakan yaro mahauci ne ko wanzami ko an ce asalinsu bayi ne. Dubi yadda ake zuga farar mace a gaban ƙanwarta baƙa har yarinya ta fara shafe-shafen man bilicin tana lalata fatarta. Lokacin da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd a Amurka a 2020 duk mun yi ta fostin muna tsine wa wariyar launin fata, kuma daidai ne, amma wanda ya yi wannan fostin da safe shi ne da yamma zai hana ƙanwarsa auren wani don baƙi ne ƙirin ko don garinsu. Mu Musulmi ma ba mu da uzuri ko kaɗan, Suratul Hujurat ta faɗa ƙarara an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna, kuma a huɗubar ban-kwana Manzon Allah (SAW) ya rufe ƙofar fifikon Balarabe a kan wanda ba Balarabe ba sai da taƙawa.

Wani ɗan gwaji kuma, buɗe wayarka ka duba mutum ashirin na ƙarshe da ka kira. Nawa ne ba 'yan addininka ko yarenka ba? In babu ko ɗaya ba zunubi ka yi ba, amma ka gane cewa duk abin da ka sani game da rabin garin nan ji ka yi, ba gani ba.

Haɗa mutane: a nemo aiki, ba taro ba

Mun sha ganin taron zaman lafiya a otal, a raba ruwan roba da jaka da kuɗin mota, a ɗau hoto Malam da Fasto suna musabaha, kowa ya koma gefensa. Ban ce ba shi da amfani sam ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da kowannensu ke jagorantar samari a kan ɗayan, Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 shi kuma Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, sun kafa cibiyarsu ta sasanci tun 1995 kuma sun yi aiki na gaske. Amma ko yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna da malaman addinan biyu suka sa wa hannu a watan Agustan 2002, wata uku kacal bayanta garin ya sake kamawa da wuta. Takarda ba ta isa ba in samarin da ke kan layi ba su san juna ba.

To kai da ba ka da ofis ba ka da tallafin turawa me za ka yi? Nemo matsalar da ba ta tambayar addini. Taransifoma ta ƙone wata biyu ba wuta, kwata ta toshe damina na zuwa, bola ta cika bakin makaranta, ɓarayin waya sun addabi layi, ambaliya in kogi ya cika. Unguwannin da har yanzu ake zaune a gauraye kamar Barnawa da Kakuri da Kurmin Mashi abin ya fi sauƙi, maƙwabcinka ne kawai za ka ƙwanƙwasa wa ƙofa. In kuma unguwarku zalla ce, to wurin sana'a za ka duba, kasuwar Panteka, babbar kasuwar gari, gareji, wurin koyon ɗinki, filin ƙwallo, nan ne har gobe ake cakuɗuwa.

A ce kwata kuka zaɓa. Ku fara ku huɗu ko biyar, kar ku jira mutum hamsin. Ku je wurin mai unguwa tare, ba ɗaya ya je a madadin saura ba, ranka ya daɗe mun zo ne kan kwatar nan ta bakin masallaci zuwa bayan coci, muna so ranar Asabar mu yashe. Asabar da safe fa, don Juma'a da rana ba za ka samu Musulmi ba, Lahadi da safe ba za ka samu Kirista ba, wannan ƙaramin lissafin shi ke kashe shiri da yawa tun kafin a fara. Ranar aiki kar a bari kowa ya ware da nasa, don haka mutane ke yi ba tare da sun lura ba, sai ka ga masu hula a wancan ƙarshen masu sarƙar giciye a wannan. Ku raba mutane bibbiyu, mai shebur da mai baro, ɗaya daga nan ɗaya daga can, wanda ya cika baro dole ya yi magana da wanda zai tura, ko da "ya isa haka" ce kawai. Kafin azahar za ka ji an fara gardamar Arsenal da Chelsea, an fara tsokanar wanda ya zame ya faɗa cikin baƙin ruwa, wata uwa ta aiko da kunun zaƙi a bokiti. Kar kowa ya tashi ya yi jawabin haɗin kai, don Allah, jawabin nan shi ke ɓata abin.

Abubuwan da ke rusa irin wannan ƙungiya ba manya ba ne. Kuɗi na farko, ko naira dubu biyar aka tara a sa mutum biyu su riƙe lissafi, ɗaya daga kowane ɓangare, a karanta a gaban kowa. Shugabanci a riƙa juyawa. Wurin mitin ya zama inda kowa zai sake, aji a makarantar firamare ko ƙofar gidan mai unguwa, ba harabar masallaci ko coci kullum ba. Addu'ar buɗewa ko a yi biyu ko a bar ta. Abinci a yi wanda kowa zai ci hankali kwance, in da azumi ne a daga lokaci. Siyasa kuma a bar ta a bakin ƙofa, ranar da ɗan takara ya kawo muku riguna da hotonsa ranar kuka mutu. Mata kuma kar a ce sai daga baya, su ne ma suka fi mu iya wannan, adashi ɗaya tsakanin masu sayar da kayan miya yana ɗaure mutane fiye da mitin goma.

Yare ba matsala ba ne kamar yadda wasu ke zato. Yawancin mutanen kudancin Kaduna suna jin Hausa ras, coci-coci da yawa da Hausa suke wa'azi da waƙa, Littafi Mai Tsarki tun 1932 aka fitar da shi cikakke da Hausa. Amma kar wannan ya sa ka ɗauka kowa dole ya yi yarenka, koyi gaisuwa ɗaya da nasu yaren, ko ka kwaɓa ta za a yi dariya a gyara maka.

In an saba sai a wuce zuwa gaisuwar mutuwa da barka da suna da kai abincin sallah da karɓar na Kirsimeti, abin da iyayenmu suke yi da ba tare da an ba shi wani suna ba. Ba wanda ya ce ka shiga ibadar da ba taka ba, inda kake da shakka tambayi malaminka, amma duba mara lafiya da ta'aziyya haƙƙin maƙwabtaka ne.

Ranar da gari ya ɗau zafi

Amfanin duk wannan yana fitowa ne ranar da aka fara "ana yi a Kasuwa", "an tare hanya a Gonin Gora", kowa ya rufe shago yana gudu bai san me ya koro shi ba. A watan Oktoban 2018 faɗan da ya tashi a Kasuwan Magani cikin ƙaramar hukumar Kajuru kwana kaɗan ya ɗauka ya shigo cikin gari, har sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24. A irin wannan rana lambar waya ɗaya ta mutumin da ka yarda da shi a ɗaya gefen kogi ta fi gurup goma. Ka kira ka ce ɗan'uwa me ke faruwa a wajenku, ya ce wallahi lafiya lau ga ni ma a shago, kai kuma ka faɗa wa mutanen layinku. Tun yanzu za ku yi wannan alƙawarin, ba ranar ba.

Wasap kuwa ƙa'ida ɗaya ce, duk bidiyo ko hoton gawa ko muryar wani da ba ka san shi ba yana cewa a tura wa kowa, kar ka tura. Hoto ka sa shi a Google Lens, manhajar da ke gano asalin hoto, sau da yawa za ka tarar na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. In kai ne admin ka rufe gurup ɗin na 'yan awoyi, a zage ka ba komai. Ayar nan ta Hujurat da ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika, ba ta cire labarin da ya yi daidai da abin da kake so ka ji ba.

A cikin gida kuma, in babba ya saki irin maganar nan a gaban yara, ba sai ka ɗaga murya ka zama mara kunya ba. Bari a watse ka same shi shi kaɗai. Kawu, maganar ɗazu da ka ce duk ba su da amana, wanda ya riƙe maka shago shekarun baya da ka tafi Hajji fa? Zai ce ai shi daban ne. Ka ce to Allah ya sa da irinsa da yawa, ka yi shiru. Ba za ka canza mai shekara sittin a zama ɗaya ba, yaran da ke sauraro su ne abin ji.

Kai kuma fa?

Wannan aikin yana cin rai, masu yinsa da yawa sun watsar ba don sun daina yarda da shi ba sai don sun gaji. Naka za su ce ka zama ɗan koren wasu, na can kuma wani zai riƙa tuhumarka da duk abin da wani mai irin sunanka ya aikata. Ba kai ne kakakin Musulmi ko na Hausawa ba, kana da damar cewa yau ba zan yi wannan maganar ba. Gardamar komen a Facebook da wanda ba ka sani ba, amsa biyu ta isa, ta uku bulok.

Daina kallon bidiyon kisa, ko da sunan neman sanin halin da ake ciki ne, karanta labarin ya wadatar. Sa wa kanka lokacin da za ka kashe data da dare, ka bar wayar nesa da shimfiɗa. Ka yi barci, ka ci abinci a kan lokaci, ka taka ƙafa ko zagayen Murtala Square ne da safe, ka riƙe sallarka da azkar ɗinka, kuma ka samu mutum ɗaya ko biyu da za ka zauna da su a yi hirar da ba ta shafi gyaran duniya ba. Jikinka yana da haƙƙi a kanka, wannan hadisi ne ba zancen turawa ba. Kuma jarumtar banza ba ta cikin shirin, ranar da ake ɗar-ɗar ba ranar tsallaka gada ba ce don ka nuna kai na kowa ne, zauna gida ka yi aikin da waya.

Mutane da yawa a garin nan sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba, a 2000 ko 2011 ko a hannun masu garkuwa, kuma ba su taɓa faɗa wa kowa ba. In ka ga barci ya ƙi, kana yawan firgita da ƙarar salansa ko knockout ɗin yara, abin da ya faru yana dawo maka kamar yanzu ake yi, ko fushi na tashi ba dalili har iyali sun fara tsoronka, kuma an kwashe makonni a haka, to ba raunin imani ba ne kuma ba lallai aljanu ba ne. Ka ci gaba da addu'a, sannan ka je asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa ko ka fara da likitan asibitin da ke kusa da kai ya tura ka. Ka tafi da wani naka in kana jin nauyi, ka rubuta abubuwan da ke damunka a takarda tun daga gida don kar ka manta in ka zauna gaban likita.